Ƙugiyar da Na Ce a Saka

Ni na koya wa Auta riƙe kwarashi. Da wannan nake so in fara, domin yanzu in an tashi ba da labarinta sai ka ji ana cewa baiwa ce, kamar da ƙullin ulu a hannu aka haife ta. Ba haka aka yi ba. Tana da shekara tara ina da sha biyar, a bakin gadon Mama muka zauna, na kama yatsunta ɗaya bayan ɗaya na nuna mata yadda ake naɗa zare a manuniya. Hular farko da ta saƙa ko kan mage ba za ta zauna ba. Ni na warware ta, ni na sake ɗora mata.

Daga nan kowa ya kama hanyarsa. Ni na yi karatu na zama malamar Hausa, shekara goma sha tara ke nan ina yawo da jan biro a jaka. Ita karatun bai zauna mata ba, sai ta sayi tsohon injin saƙa ta ajiye a kusurwar falon Mama. Injin ɗaya ya zama uku, uku suka zama goma sha biyu. Ta kama ɗakuna biyu a saman wani kantin magani, ta ɗauki mata goma sha biyu, kowacce da injinta, suna saƙa rigunan sanyi na makarantu shida. Ɗaya daga cikin makarantun nan ita ce wadda nake koyarwa. Duk lokacin sanyi sai in tsaya gaban aji, yara arba'in suna kallona, kowanne sanye da rigar ƙanwata, da ɗan tambarinta a bayan wuya.

Ba zan yi muku kwana-kwana ba, ƙyashinta nake yi. Ina son ta, in ƙaya ta soke ta ni zan fara jin zafin, amma duk ranar da aka yabe ta a gabana sai in ji haushi. Mama ma ba ta taimaka ba. Mayafin ulun da na ɓata wata biyu ina saƙa mata da hannu, da shi take rufe talabijin kada ƙura ta hau. Wanda injin Auta ya fitar cikin rabin sa'a kuwa, shi take yafawa in za ta fita, kuma ko ba a tambaye ta ba sai ta ce, "Autata ce ta yi min."

Sunan wurin ma ni na raɗa shi: Gidan Saƙa. Ranar da za a buɗe masa shafi a intanet ina nan. Auta ta kira Injiniya, wani dattijo mai furfura a gefen kai, wanda ke gyara wa mutane kwamfuta yana kuma buɗe musu shafuka. Ya share teburin yanka, ya ɗora kwamfutarsa tsakanin almakashi da guntayen zare, ya yi mana bayani cewa kowane shafi sai an yi masa rajistar suna, sunan nan shi ne adireshin da mutane za su rubuta su iso gare shi. Sai ya juyo min da allon.

"Malama, duba ki gani, kin fi mu sanin rubutu."

Na duba. An rubuta gidansaka, sai ɗigo da ɗan wutsiyar da ake sa wa irin waɗannan sunaye.

"Ina ƙugiyar?" na ce.

"Wace ƙugiya?"

"Ta kan harafin. Saƙa ake yi a nan, ba saka ba. Gidan saka me? Saka takalmi?"

Auta ta dafa kafaɗata tana dariya. "Yaya, don Allah. Rabin masu sayen kayana ba su san inda harafin nan yake a wayarsu ba. In suka neme ni suka rasa fa?"

"Sai su koya. Kwarashin da na koya miki da shi, cire masa ƙugiya ki ga ko zai kamo miki zare."

Matan da ke kan injuna suka yi dariya, na ji daɗi. Sai Auta ta ce, "Ai mu yanzu da inji muke aiki, Yaya." Dariyar da ta biyo bayan wannan ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Injiniya ya yi gyaran murya ya ce ana iya yin rajistar duka biyun, mai ƙugiya da marar ƙugiya, domin duk sunan da aka bari a ƙasa na wanda ya riga ɗauka ne. Auta ta yi watsi da zancen da hannu, ta ce ɗaya ya isa, kada a rikita mutane. Na ɗauki jakata na ce ina da takardun gyarawa.

Shekara huɗu maganar nan tana cina. Duk kwalin da na gani da adireshin nan a jiki, hannuna sai ya yi ƙaiƙayin jan biro.

Abin da ya kai ni bango shi ne ranar ba da kyaututtuka ta makarantarmu. Shugabar makarantarmu ta gayyaci Auta a matsayin babbar baƙuwa, aka zaunar da ita a kujera mai hannu, ni ina can baya ina tsawata wa yara su daina surutu. Da Shugaba ta zo gabatar da malamai ga iyaye, ta faɗi darasin kowa da shekarunsa na aiki. Da ta zo kaina sai ta yi murmushi ta ce, "Ga kuma Malama, yayar mai Gidan Saƙa." Aka tafa. Shekara goma sha tara ina shan ƙurar alli a makarantar nan, abin da aka samu a faɗa a kaina ke nan.

Da yamma ko mayafina ban cire ba na zauna na yi rubutu a dandalin sada zumunta. Na yi magana a kan 'yan kasuwar da ke cin abinci da harshenmu suna wulaƙanta shi, masu yanke wa haruffa ƙugiya kamar masu yanke farce. Na ce misali ba ya nisa: akwai wani sanannen gidan saƙa da ke ɗinka wa makarantu shida, iyaye ɗaruruwa suna shiga shafinsa, amma adireshinsa gidansaka, alhali gidansaƙa ya kamata a rubuta, kuma har yau ba wanda ya damu ya yi rajistar sunan na daidai. Na rufe da jimlar da na ji ta yi min daɗi a baki: harshe mai daraja ya cancanci rubutu mai daraja.

Rubutun ya yi tafiya. Mutanen da ban sani ba suka yi ta yaɗa shi, suna cewa Allah ya ƙara basira Malama. Kwana uku ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. A raina na ce, to, ni ma yau an san da ni. Auta ba ta ce komai ba. Da ma ita ba ta rubuto min saƙo, kullum murya take turowa, kuma muryar da ta turo a makon nan a kan maganin hawan jinin Mama ce kawai.

Bayan mako uku, ran wata Laraba, saƙo ya shigo guruf ɗin iyayen yara na makarantarmu. Wata uwa ce ta turo, ta ce ita ma turo mata aka yi. Ga tambarin Gidan Saƙa, ga hoton rigarmu mai ruwan toka da ratsin ja a wuya. An ce sanyi ya kusa, a bana ba sai an je shago ba, a shiga sabon shafi a zaɓi girman riga a sa lambar katin banki, wanda ya yi cikin mako guda akwai ragi. A ƙasa ga adireshi: gidansaƙa, da ƙugiyarta tsaf. A ƙarƙashinsa kuma an rubuta: mun gyara sunanmu, domin harshe mai daraja ya cancanci rubutu mai daraja.

Ina ɗakin malamai na karanta. Da farko kaina ya kumbura, na ce ashe dai ta ji. Kafin in ajiye wayar daɗin ya juye ya zama ɗaci. Wato ta karanta rubutuna, ta ɗauki gyarana, ta ɗauki har jimlata ta manna a tallarta, amma ta kasa ɗaga waya ta ce Yaya kin yi gaskiya. Yadda ta ɗauki kwarashi, yadda ta ɗauki suna, haka ta ɗauki wannan ma. Na yi tsaki har malamin lissafi ya ɗago kai ya tambaye ni ko lafiya.

Bayan hutun tara aka ce Shugaba na kirana. Na same ta ta ɗora tabarau a goshi tana nisanta wayar da idonta.

"Malama, zauna. Wannan saƙon daga ƙanwarki yake? Iyaye sun dame ni da tambaya. Kamar adireshin ya ɗan sauya, kuma lambar da ta fara yaɗa shi ban san ta ba."

Kira ɗaya zai raba gardama. Lambar Auta ita ce ta biyu a wayata, bayan ta Mama. Amma na riga na ƙulla a raina cewa ita za ta fara kirana, ba ni ba. Kuma ga Shugaba, wadda ta mai da ni yayar wata a bainar jama'a, yau ni take tambaya.

"Nata ne, ranki ya daɗe," na ce. "Wancan na da kuskure ne. Wannan shi ne daidai, ni na sa ta gyara. Jimlar ƙasan nan ma tawa ce."

"Kai, madalla. To ki ɗan rubuta a guruf hankalin iyaye ya kwanta. Wa zai fi ki sani?"

Na rubuta. Na ce ni yayarta ce, kuma malamar Hausa, na tabbatar wannan shi ne adireshin daidai. Har da ɗan darasi na ƙara a kan bambancin saka da saƙa. Iyaye suka yi ta godiya. Wasu suka tura maganata zuwa guruf ɗin sauran makarantun, da sunana a kai.

Ran Asabar da hantsi na je kai wa Mama maganinta. Ta fi son wuni a wurin Auta, a kujerar da ke bakin taga, tana tsince zare daga rigunan da aka gama. Na hau matakalar nan mai warin magani, na shiga cikin ƙarar injuna, na shirya fuskar da zan karɓi godiya da ita. Auta tana durƙushe tana buɗe wasu kwalaye.

"Yaya, sannu da zuwa. Zo ki ga sababbin tambarin da aka bugo min jiya, dubu biyar ne."

Ta miƙo min ɗauri ɗaya. Ɗan ƙyalle ne fari, mai laushi, irin wanda ake ɗinkawa a bayan wuya. Na karanta adireshin da ke jiki. Babu ƙugiya.

"Wannan tsohon bugu ne?" na ce.

"Jiya fa na ce miki. Kada dai ki fara min zancen ƙugiyar nan da safen nan, na ga rubutunki, na kuma yafe." Ta yi dariya ta koma kan kwalinta. "Bana shiru nake ji, iyaye ba su fara zuwa awo ba. Ko sanyin suke jira ya kama su?"

Na sake duba ƙyallen. Wadda ta canza adireshi ba za ta buga tambari dubu biyar da tsohon ba. Wadda ta buɗe sayarwa a shafi ba za ta zauna jiran masu zuwa awo ba. A tsaye a wurin, da ɗaurin ƙyallen a hannuna, na gane cewa saƙon nan ba nata ba ne.

Nan ne wurin da nake jin nauyin faɗa. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai Mama ta ɗago wata riga ta ce, "Ke dubi hannun yarinyar nan, ko a kanti ba a samun irin wannan." Sai na rufe bakin. Kunya tana ciki, ba na musu, domin in na yi magana sai na faɗi abin da na rubuta a guruf. Amma ban da kunyar akwai wani abu can ƙasa, ɗan ƙarami, mai sanyi, da ke cewa bari ita ma ta ji yadda ake ji sau ɗaya. Na ba Mama maganinta, na sha ruwa, na ce rana na yi. Na gaya wa kaina cewa wataƙila Injiniya ne ya yi bai sanar da ita ba, ran Litinin zan bincika.

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Ƙarshen mako ne, iyaye suna gida da wayoyinsu, kuma ragin na mako guda ne.

Ran Litinin ina tsakiyar darasi na biyu Auta ta kira. Ban ɗauka ba. Ta sake kira, ta sake. Da na fita baranda na ɗauka, kalma uku ta faɗa, "Yaya, zo yanzu," ta kashe.

Tun daga ƙasan matakala mutane ne. Mai kantin maganin ya fito yana roƙon a bar masa ƙofa. A sama injuna duk a kashe, matan sun taru a gefe guda sun yi cirko-cirko. Wani direban bas da na sani, 'ya'yansa uku a makarantarmu, yana ɗaga wayarsa yana cewa shi riguna uku ya saya, amma da asuba ya tarar an kwashe duk abin da ke cikin katin. Wata mai sharar asibiti ta zauna a kan kwalin tambari ta haɗa kai da gwiwa. Da suka gan ni sai hayaniyar ta juyo.

"Ga Malamar nan! Ke kika ce mana nata ne!"

Auta ta ja hannuna zuwa ɗaki na biyu ta rufe ƙofa. Mama tana ciki, Injiniya kuma yana zaune gaban kwamfutarsa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Malama, zauna in nuna miki. Ba shafin ƙanwarki aka fasa ba, nata na nan lafiya. Wani suka gina a gefensa." Ya buɗe shafuka biyu kusa da juna, ko ni ban iya bambanta su ba. "Rajistar suna ba ta fi minti biyar ba. Ba wanda zai tambaye ki ke wace ce, ko sunan ya shafe ki. In ba a riga an ɗauka ba, kin biya, ya zama naki. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su nemi wurin da jama'a suka yarda da shi, su yi rajistar suna mai kama da nasa. Su ƙara harafi, ko su rage, ko su sauya ɗaya da mai kama da shi. Da katin sata suke biya, su ɓoye sunansu, su kwafe hotuna daga shafin gaskiya. Sai su jefa saƙo a inda masu saye suke taruwa, su zauna suna kwasar lambobin kati. Ko harshen ba sai sun iya ba."

"To ya aka yi suka san da ƙugiya?" in ji Mama.

Injiniya ya dube ni, ya dubi Auta. Sannan ya nuna wani layi a allon. "Wannan ita ce ranar da aka yi rajistar sunan."

Washegarin ranar ba da kyaututtuka ce. Kwana ɗaya bayan rubutuna. Ni na gaya musu makarantu nawa ne, ni na gaya musu iyaye ɗaruruwa ne, ni na rubuta musu sunan harafi bayan harafi, na kuma ƙara da cewa ba wanda ya ɗauka.

"Yawanci sunan bogi shi ne mai kuskure," ya ce a hankali. "Shi ya sa mai lura yake ganewa. Wannan karon na bogin ne ya fi na gaskiya daidai. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Auta ba ta yi kuka ba. Ta jingina da teburin yanka tana naɗa wani guntun ulu a manuniyarta, yadda na koya mata.

"Rubutun na yafe tun tuni," ta ce. "Abin da kika sa a guruf ma, na san ba da gangan kika yi ba. Abu ɗaya zan tambaye ki, Yaya. Yaushe kika gane ba nawa ba ne?"

Da na ce yau, da ta yarda. Kullum tana yarda da ni. Na dubi Mama, na dubi kwalin tambarin da aka turo gefe.

"Ran Asabar," na ce.

"Da kika riƙe tambarin nan?"

"E."

Ta gyaɗa kai. Injiniya ya sunkuyar da kansa ga kwamfutarsa. Daga baya ya gaya min cewa fiye da rabin waɗanda aka cuta, tsakanin Asabar da Lahadi suka sa katinsu.

"Kin san me ya sa ban taɓa rubuto miki saƙo ba?" in ji Auta. "Tun ina aji uku, duk abin da na rubuta na nuna miki, da ja yake dawo min. Har yau in na ɗauki biro sai in ji kina tsaye a bayana. Da kin karanta saƙon nan da kyau, da kin san ba ni ba ce. Yaushe na taɓa rubuta layi biyar ba kuskure?"

Mama ta cire mayafin da ke kafaɗarta ta ninke shi ta ɗora a cinya. "Ni na haife ku duka," ta ce.

Ran Laraba Shugaba ta tara iyaye a babban ɗakin taro. Ni na roƙi a bar ni in yi bayanin. Na ɗauki alli na rubuta kalmomi biyu manya a allo, gidansaka a sama, gidansaƙa a ƙasa. Na faɗi abin da na yi tun daga rubutun har zuwa shirun kwana biyu, ban rage ba. Sannan na ɗauki jan alli, na soke mai ƙugiyar da layi biyu, na sa wa marar ƙugiyar alamar daidai.

"Duk inda kuka ga mai ƙugiya, na ɓarayi ne," na ce. "Wannan na sama shi ne na ƙanwata."

Direban bas ya ɗaga hannu daga baya kamar ɗalibi. "Malama, to yanzu wanne za mu ce wa yara su rubuta a jarrabawa?" Wasu suka yi dariya. Ni na ajiye allin a kan tebur.

Injiniya ya kai ƙara wurin masu rajistar sunaye, cikin kwana shida aka rufe shafin. Ɓarayin ba a gan su ba, ya ce da wuya ma a ce suna ƙasa ɗaya da mu. Auta ta saƙa wa kowane yaron da aka cuci iyayensa riga ta ba shi, ba ta karɓi komai ba. Duk da haka makarantu uku, har da tamu, suka janye, suka ce ba sa son abin da zai haɗa su da iyaye. Mutane ba sa riƙe bayanin harafi, abin da suka riƙe shi ne an yi sata da sunan Gidan Saƙa. Da na koma kai wa Mama magani, injuna biyar an lulluɓe su da zani, kujerunsu an kife a kan tebur. Na san matan da ke zama a kansu, ɗaya ma ni na koyar da 'yarta.

Auta tana gaishe ni. Tana tambayar yara, tana turo murya a kan maganin Mama. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan wata uku, wata ranar Alhamis ana tashi daga makaranta, na same ta a bakin ƙofa tana jirana a cikin mota. Ba ta kashe injin ba. Ta sauke gilashi ta miƙo min ambulan.

"Injiniya ya gama shari'ar sunan nan," ta ce. "An ƙwace shi daga hannunsu, an ce mu ne muka fi cancanta. Dole wani ya riƙe shi, in aka sake shi za su iya dawowa. Na ce ya sa sunanki."

Na buɗe. Takarda ɗaya ce, ga gidansaƙa da ƙugiyarta, ga sunana a ƙasa a matsayin mai shi.

"Auta, me zan yi da shi? Ba mai sake shiga wannan adireshin har abada. Ni da kaina na ce wa mutane su guje shi."

"Na sani, Yaya. Ki dai riƙa sabunta shi duk shekara kada ya faɗi." Ta gyara madubi, ta dube ni ido cikin ido, ba fushi a fuskarta. "Shi ne daidai, kuma naki ne ke kaɗai. Ba wanda zai ce ni na yi."

Ta ja motar ta tafi. Yara suna ta fitowa suna ratsa ni ta ko'ina, sanye da rigunan wani kamfani daban, shuɗaye, masu tambarin da ban sani ba. Na ninke takardar na sa a jaka, a aljihun da jan birona yake.